Jan Hatimin da Ya Raba Mu da Gidan Rusholme

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Hafsat da nauyin da take ɗauke da shi, Allah ya raba lafiya. Allah ya kai ku Birmingham lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, ya sa ku shiga garin da ƙafar dama.

Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a cikin kwalin tukwane, alhali bango ɗaya ne ya raba ɗakinka da nawa. Kai ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ido da ido ba, kuma ba yau zan fara ba. Ƙannenka suna yi mini dariya, wai kunyar ɗan fari tsohon yayi ce. Su yi ta yi, a nan aka haife su. Ni dai biro ya fi mini sauƙi.

Maganar gidan unguwar Handsworth ta Birmingham ce ta sa na ɗauki biron. Ka ce Alhaji Isiyaka, mutumin Kumasi da ya riƙe ka kamar ɗansa lokacin da kake karatu a Perry Barr, zai sayar muku da gidansa ku riƙa biya kaɗan-kaɗan, ba banki, ba kuɗin ruwa. Ka ce ranar Alhamis za ku je wurin notary, mai shaida sa hannu a takardu, ku sa hannu, ya buga hatimi, ku miƙa kuɗin farko. Hafsat ta sayar da gwala-gwalan aurenta, kai kuma ka kwashe duk abin da ka tara tun da ka fara aikin kemis. Da babanku ya tambaye ka wane ne lauyanka, dariya ka yi.

"Baba, notary ɗin ma ai lawyer ne," ka ce. "It's fine. Kuma Alhaji ne fa, ba wani baƙo ba."

Babanku ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin tuwonsa. Ni kuwa na tashi na shiga kicin na buɗe famfo, ba don ina da wanke-wanke ba. Maganar da ta fito daga bakinka tawa ce, Abba. Ni na fara yin ta, a gaban mutumin nan da ya sunkuyar da kai, kuma ita ta sa yau muke zaune a flat ɗin council, gidajen hayar ƙaramar hukuma, hawa na sama, inda lif ke aiki ranar da ya ga dama.

Gidanmu na Rusholme, nan Manchester, ba sayar da shi muka yi ba. Ba danshin bango ne ya kore mu ba, kamar yadda na gaya maka a waya. Fitar da mu aka yi. Masu aikin kotu suka zo da mai canza makulli, ina tsaye a bakin titi da buhun shinkafa da bargunan ƙannenka, bas na wucewa, mutanen ciki suna kallona.

Ka san Alhaji Garba mai gidan abinci a Wilmslow Road. Abin da ba ka sani ba shi ne irin nauyin da yake da shi a wuyanmu. Unguwarmu ɗaya a Kano. Shi ya tarbe mu a filin jirgi, a falonsa muka kwana har muka sami wuri, matarsa Hajiya Ladidi ce ta yi mini wankan jego lokacin da na haifi ƙanwarka Amina. Muna haya a gidansa na Rusholme, wata rana bayan sallar Juma'a ya zo ya ce da babanku, "Malam Sani, me zai sa ku yi ta zuba haya? Ku sayi gidan nan. Ku biya ni a hankali, ba sisin kuɗin ruwa. Mu tsira daga riba gaba ɗaya." Na yi guɗa a kicin. Wallahi sai da na yi guɗa, har maƙwabciyarmu ta buga bango.

Da ya tafi, babanku ya ce shi ma ya ji daɗi, amma gobe zai nemi solicitor ya duba takardun gidan. Nan na tayar da ƙayar baya. Na ce lauya tsakaninmu da Alhaji? Mutumin da muka ci tuwonsa? Da wane ido zan kalli Hajiya Ladidi? Na ce so kake a ce mun zama Turawa, mun ci amanar zumunci. Na daina yi masa magana sai abin da ya zama dole, na riƙa ajiye masa abinci ba ko sannu. Babanku injiniya ne, ya san lissafi, ya san ƙasar nan fiye da ni, amma ba ya iya jure fushina, kuma na san haka, da shi na yi aiki.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Na ɗauki kunya na sa ta a inda ba wurinta ba. Kunya tana da wurinta, a gaisuwa, a zaman suruki, a tsakanina da kai. Ba ta da wuri a cinikin rufin da 'ya'yanka za su kwana a ƙarƙashinsa. Mutumin da zai ji haushi don ka ce a duba takarda, to ka bar shi ya ji haushin, zai huce. Ni na guji ɓacin ran Hajiya Ladidi na yini ɗaya, yau shekara da shekaru ko a gidan suna muka haɗu kowa bango take kallo.

Alhaji Garba ne ya kawo maganar notary. Ya ce akwai wani dattijon Bature da yake buga masa hatimi a takardun wakilci idan zai sayar da fili a can gida Kano, kuma ba inda aka taɓa mayar masa da takardar mutumin. Ya ce hatiminsa ya fi na lauya ƙarfi, har ƙasashen waje ana girmama shi. Babanku ya yarda don a zauna lafiya. Muka shirya kamar masu zuwa ɗaurin aure, na sa leshi, Alhaji ya zo da dabino a leda.

Ofishin yana saman wani kanti. Dattijon ya karɓi fasfo ɗinmu, ya dubi hoto ya dubi fuska, ya karanta yarjejeniyar da Alhaji ya sa wani ɗan'uwansa ya buga. Sai ya cire tabarau ya yi mana magana a hankali, don kada mu ce ba mu ji ba. Ya ce abin da aka nemi ya yi shi ne ya shaida cewa mu ne, kuma mun sa hannu da yardarmu. Ya ce bai duba asalin gidan ba, ba a sa shi ba, kuma ba ya wakiltar kowa a cikinmu. Ya juya wajen babanku ya tambaye shi ko ya nemi shawarar lauya nasa na kansa. Ya ce shi dai da ya so mu yi hakan kafin mu sa hannu, ba gaggawa.

Babanku ya buɗe baki. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"We are family," na ce da Baturen, ina murmushi.

Ya dube ni, ya mayar da tabaransa. Ya manna wani jan abu mai faɗi a gindin takardar, ya danne shi da ƙarfe har tambari ya fito, ya ɗaure da zare. Ban taɓa ganin takarda mai kwarjini irin wannan ba. Muka sauko muka shafa fatiha a bakin titi, Alhaji ya raba dabino.

Bari in gaya maka abin da ke cikin kaina a ranar, don na san irinsa ne a naka. A gida, idan za a sayi gida, dillali ya kawo ka, shaidu su zauna, a tafi wurin mai unguwa ya sa hannu ya buga hatimi. Idan hatimin nan ya hau, an gama. Kuma da dalili, domin mai unguwa ya san gidan. Ya san wanda ya gina shi, ya san magadan da ba su yarda ba, ya san ko an taɓa jinginar da shi. Idan akwai rigima a ƙasa, zai ce ku dakata. Ni sai na ɗauki dattijon nan a matsayin mai unguwar Manchester. Mutumin da ko titin gidan bai taɓa bi ba! Ya gaya mini da bakinsa cewa fuskata kawai ya sani, ni kuma idona yana kan jan hatimi, kunnena a toshe. Ba ni da abin da zan riƙe shi da shi, ya faɗi gaskiya, ni ce ban saurara ba.

Ka ce notary ma lauya ne. Na tambaya, an ce mini haka ne, a ƙasar nan akwai waɗanda doka ta yarje musu su yi aikin cinikin gida tun daga farko har ƙarshe. Ban yi musu da kai ba, kai ne mai digiri. Amma ka amsa wa kanka waɗannan. Wa ya zaɓo shi, kai ko Alhaji Isiyaka? Me aka ce ya yi, ya shaida sa hannu ko ya binciki gidan? Ya shiga ofishin rajistar gidaje ya ga sunan da ke kai, ya ga ko wani banki yana riƙe da shi? Bayan kun biya, sunanka zai shiga rajistar ko a aljihun tebur takardar za ta kwana? Idan abu ya lalace, na wa ne shi? Lauyan da ba naka ba ne, ko hatiminsa ya kai faranti girma, ba zai hana a fitar da Hafsat da jariri a hannu ba. Ka nemi naka, wanda kai ka biya, wanda idan ya ga rami kai zai ja baya.

Kuskure na gaba, mun zauna a gidan kamar namu. Kowane wata muna biya, ba mu taɓa latti ba. Babanku ya canza rufi, ya gyara ɗakin sama inda kake karatun jarrabawa, ya yi mini kicin sabo. Na shuka na'ana'a da yakuwa a bayan gida, yakuwar ta ƙi, na'ana'ar ta cinye wurin. A rajista kuwa sunan Alhaji Garba ne, kuma tun kafin ya yi mana tayi gidan yana jingine a banki, da shi ya buɗe gidan abincin. Mu da muka gudu daga riba, ashe kuɗinmu ne yake biyan kuɗin ruwansa. Wannan abin har yau idan na tuna shi sai abinci ya fita raina.

Sau ɗaya babanku ya sake gwadawa. Da muka yi nisa da biya, ya ce da Alhaji ko za a fara maganar mayar da suna. Alhaji ya dafe ƙirji.

"Haba Malam Sani! Wato har yanzu ba ku yarda da ni ba? Ga takarda da seal a hannunku."

Ni ce na ba shi haƙuri. Har dambun nama na aika musu washegari, don a wanke laifin mijina. Ka ji irin wautar uwarka. Don haka, kada ka buga ƙusa ɗaya a gidan da ba ka ga sunanka a rajistarsa ba, ko aƙalla lauyanka ya sa an rubuta haƙƙinka a can, inda kowane banki zai gani. Ban ce ka je ka ci riba ba, Allah ya kiyaye. Biya a hankali halal ne, kuma ana iya rubuta shi yadda doka za ta san da shi. Mu ba tsoron Allah ne ya kayar da mu ba, ganganci ne muka sa masa rigar tsoron Allah.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Ka san su, a cikinsu ka girma. Aka rufe cibiyar yara da nake aiki, aka ba mu kati da fure aka ce mun gode. Aka rage ma'aikata a sashen hanyoyi na council, babanku yana cikin waɗanda aka sallama, mutumin da ya yi furfura a kan aikin. Duk da haka ba mu fasa biyan Alhaji ba, na koma aikin kula da tsofaffi gida-gida, ina bin bas cikin ruwan sama. Shi kuma gidan abincinsa ya koma kujeru kawai, don masu cin abinci a waje sun koma dafawa. Ya daina biyan banki, bai gaya wa kowa ba.

Ranar da sanarwar kotu ta iso, na sake yin wani kuskuren. Babanku ya ce mu tafi wurin lauya yanzu-yanzu. Na ce a'a, ba za mu tona wa juna asiri a gaban Turawa ba, a kai wa manya. Aka kai wa dattawan masallaci. Aka zauna, aka sake zama, aka ɗage saboda wani ya tafi Umara. Alhaji Garba ya yi kuka da hawaye, ya rantse zai gyara, ya ce wani kuɗi yana tafe daga Kano. Dattawa suka ce mu yi haƙuri, ɗan'uwa ne. Ba wanda ya gayyaci banki zaman sulhun, shi kuwa bai fasa lissafinsa ba.

Da muka farga muka nemi taimako, ofishin ba da shawara kyauta na unguwarmu an rufe shi, ɗayan kuma layi ne har waje, aka ce taimakon kuɗin lauya na gwamnati ma an yanke shi. Na sayar da awarwarona muka ga wata lauya, yarinya ce 'yar Pakistan, ba ta fi shekarunka na yanzu ba. Na ciro takardar daga cikin ledar da nake ajiye ta, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karanta, ta shafa jan hatimin da yatsa, ta danna kwamfuta. Kafin shayin da ta ba mu ya huce ta juyo mana da fuskar kwamfutar, ga sunan banki a kan gidanmu.

"Auntie, hatimin nan ba shi da matsala," ta ce. "Ya tabbatar ke ce kika sa hannu. Shi ke nan abin da ya tabbatar."

Ta ce bankin ya riga mu, kuma ba da saninsa aka yi cinikinmu ba. Ta ce muna iya bin Alhaji kuɗinmu, amma mutumin da ba shi da komai me za a karɓa a wurinsa? Sai ta tambaye mu, cikin ladabi, me ya sa ba mu zo ba kafin mu sa hannu, da binciken bai fi kuɗin cefane ba. Babanku ya dubi tagar ofishin. Ni na dubi jakata.

Sulhu abu ne mai kyau, kada ka raina manya. Amma ka je wurinsu da lauyanka ya riga ya gaya maka inda kake tsaye. Dattawa suna iya gyara tsakaninka da ɗan'uwanka. Ba su da iko a kan wanda bai san su ba, kuma ranar kotu ba ta jiran kowa ya dawo daga Umara.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi ci mini rai yanzu, shi ne ɓoye maka da na yi. Kana shekarar ƙarshe a jami'a, na ce kada a tayar maka da hankali. Na haɗa baki da ƙannenka, na ce duk wanda ya faɗa maka ban yafe ba. Na ce da kaina don karatunka nake yi. Ƙarya ne, don kaina na yi, ban so ɗan fari ya san uwarsa ce ta rushe gidan ubansa. Ga sakamakon nan, na bar ka ka girma kana ganin jan hatimi abin dogaro ne, har kana shirin ɗaukar matarka ku bi sawuna. Idan ka yi kuskure a rayuwa, ka gaya wa 'ya'yanka da bakinka tun suna iya amfana da shi.

Kada ka ce ina zargin Alhaji Isiyaka. Ban san shi da komai ba sai alheri, ya ciyar da kai lokacin da mu ba mu iya aika maka ko kuɗin bas. Wataƙila gidansa fes yake, ba bashi ba jingina. To, in haka ne, lauya zai duba ya ce fes yake, ba wanda ya yi asara. Amma ka sani, Alhaji Garba ma ba ɓarawo ba ne ranar da ya raba mana dabino. Ya yi niyyar biyan bankin, ya yi niyyar ba mu gidan. Na tsane shi shekaru, har yanzu ban gama yafe masa ba, Allah ya sani, amma na daina ce masa ɓarawo. Mutumin kirki ma kasuwa tana karya shi, yana rashin lafiya, yana mutuwa ya bar magada da ba su san ka ba. Takardar ba don halinsa na yau ake yin ta ba.

Na san abin da ke damunka, don ni ma shi ya dame ni: da wane baki za ka gaya masa? To ga baki na ba ka. Ka ce masa tsohuwarka ce ta ƙi. Ka ce ni mace ce mai rigima, mai taurin kai, na rantse ba za ka sa hannu ba sai lauya ya duba, kuma ba ka iya saɓa mini. Ka ɗora mini duka, ba ƙarya ka yi ba. Idan ya ji haushi, ni zan hau mota in zo Handsworth in durƙusa in ba shi haƙuri, na saba. Amma ranar Alhamis ɗin nan kada ka hau matakalar kowane ofishi da kuɗin gwala-gwalan yarinyar mutane a aljihunka. Ban taɓa ce maka ban yarda ba a kan komai, ko karatu, ko aure, ko wannan ƙaura. A kan wannan ban yarda ba.

Kafin in naɗe takardar nan na karanta wa babanku ita, yana zaune a bakin taga da maganin hawan jininsa. Tun ranar da aka canza makullin gidan nan har yau, bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Ko sau ɗaya. Na sha roƙon Allah ya sa ya faɗa, ya zage ni ma, in huta. Da na gama karantawa na tambaye shi ko yana da abin da zai ƙara. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Ki ce masa idan zai je wurin lauyan, ya tafi da matarsa. Ta ji da kunnenta."

Na rubuta maka kamar yadda ya faɗa. Na kuma ji da nawa kunnen.

Allah ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a masauki. Allah ya sauki Hafsat lafiya, ya ba ku rufin da ba mai fitar da ku daga ƙarƙashinsa. Allah ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya raba ku da kunyar da ke kai mutum ga nadama. Allah ya yi maka albarka, ya yi wa zuriyarka. Idan kun isa ka kira babanku, ba sai ka nemi ni ba.

Wassalam,

Ummanku